Uwar Sito Za Ta Tafi Haihuwa, Ni Ta Bar wa Lissafi

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗau zafi.

A wani babban sito nake aiki, inda muke shirya kayan da mutane suka yi oda a kwali, mu manna adireshi, mu jera wa motar da ke zuwa ɗauka da yamma. Shugabarmu, da muke kira Uwar Sito, ban taɓa ganin mace irinta ba. Da safe za ta tsaya da tsohon cikinta, hannu a ƙugu, ta dubi tulin kaya, ta dube mu, ta faɗi kwali nawa za mu riƙa gamawa kowace awa. Wallahi direba bai taɓa jiranmu ba. Ba ta tsawa, ba ta hana hira, har da ita ake shan dariya. Ni dai in na girma irinta nake son zama, ko da yake na girme ta.

Yanzu haihuwa ta matso, ta ce ni za ta bar wa wurin. Ranar da ta je awo ta ba ni gwaji. Kwali dubu biyu da ɗari huɗu, aikin awa takwas, na raba, ya ba ni ɗari uku a awa. Na ɗaure fuska, na hana kowa magana. Muna riƙe da ɗari ukun nan cif, amma mota ta tafi ta bar mana kwalaye jibge a ƙasa. Washegari ba ta yi faɗa ba, tambayata kawai ta yi ko mun ci abinci jiya. Kawaicin nan ya fi mini zagi ciwo. Jibi manajanmu ke jiran amsata kan karɓar aikin, ni kuwa so nake in ce ba zan iya ba, kar in zubar mata da mutunci.

Mai Naɗe Kwali

Ƙanwata, Uwar Sito ta burge ni, kuma ta riga ta ba ki amsa, ke ce ba ki ji ba. Tambayar abincin nan ba gaisuwa ba ce. Kin raba kaya da awa takwas kamar injuna kike juyawa. Mutane na cin abinci, suna sallah, suna zagayawa, ga lodin mota shi ma da nasa lokacin. Ki cire waɗannan, awa shida za ta rage, ɗari huɗu ke nan a awa. Idan kowa na gama kwali arba'in a awa, mutum goma kike bukata. Ranar da ba su cika ba, tun da safe za ki nemi ƙari wurin manaja, ba sai direba na danna hon ba.

Tsoronki ba aibu ba ne, ita ma da ta zaunar da ke kafin gwajin da ya fi. Amma hana hirar nan ki janye shi. Ita ta san hannu ya fi sauri in baki na motsi, shi ya sa take barinku.

Gobe ki same ta, ki ce ta yi lissafin a gabanki da babbar murya. Sannan ki amsa wa manaja. Macen da ba ta kuskuren ƙiyasta kwali, ba na jin a kanki za ta fara. Allah Ya sauke ta lafiya, ke kuma Ya taya ki riƙo.