Littafi na Biyu Bai Ƙetaro Kogi Ba

Talata, 3 ga Nuwamba 1998
Baba bai ci ba yau ma. Ya ɗan taɓa tuwon ya ture kwano. Tunda ciwon suga ya tafi da idanunsa ya saki komai. Likita ta ce in ba ya cin abinci, allurar da ake masa ita za ta kayar da shi. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji. Mushe Nuhu guda, malamin da ya ƙare rayuwarsa yana tsawata wa ƴan makaranta a lakkol, yau ni ke binsa da cokali.

Alhamis, 5 ga Nuwamba
Da na taso daga biro, ofishin da nake aiki, na ce bari in karanta masa wani abu. Na ɗauko ɗaya cikin littattafansa na Faransanci. Ba mu yi nisa ba aka fara jana'iza a labarin. Ya ce, "Miriyam, makaho kike karanta wa ko gawa?" Abin dariya yake so, amma wai ba shirme ba. Sai ka ce a kasuwa ake auna shi da tiya.

Talata, 10 ga Nuwamba
Ranar kasuwa. Na je wurin Malam Ɗalha, Badamagaren nan mai ba da hayar littattafan Hausa kusa da ƴan tattasai. Daga Kano suke zuwa masa, cikin motocin da suka kai tattasai suka juyo. Na ɗauki uku. Ɗaya kuka ne tun bangon farko. Ɗaya kuma marubuciyar ta tsaya kan girar yarinya da motar saurayi har na manta inda aka dosa. Na ukun mai ban dariya ne, sai dai marubucin na riga mu dariyar. Baba ya ce da ƙafa aka rubuta su.

Asabar, 14 ga Nuwamba
Koko rabin kofi. Shi ke nan.

Talata, 17 ga Nuwamba
Malam Ɗalha ya zaro wani daga ƙasan tebur, bangonsa ma ya cire. "Ba mai ɗaukarsa, Madam, ba soyayya ciki." Labarin wani tela ne da ya karɓi ɗinkin sallar unguwa kaf bai taɓa ko ɗaya ba. Akwai inda ya ɓuya ƙarƙashin kekensa, mai kaya ta zo ta zauna jiransa tana cin gyaɗa, ɓawon na zuba masa a ka. Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin damina. Ya ce, "Wannan ya iya. Bai ce mana mu yi dariya ba."

Nan take na sa doka: babi ɗaya, kwano ɗaya. Ya ce jandarma ya haifa. Ya cinye tas.

Lahadi, 22 ga Nuwamba
Mun gama. Tela ya faɗa bayan wata babbar mota bai san inda ta nufa ba, sai kawai aka ce a nemi littafi na biyu. Mugunta ce tsagwaronta.

Talata, 24 ga Nuwamba
Babu na biyu. Kogin Komadugu ya cika, motoci ba sa ƙetarowa, kuma masu kwalekwale buhuna suke ɗauka, ba tatsuniya ba. Malam Ɗalha ya ce in yi haƙuri. Na gaya wa Baba, ya juya fuska bango.

Laraba, 25 ga Nuwamba
Bai ci ba. Da hantsi jiri ya ɗebe shi, gumi sharkaf. Uwani maƙwabciyarmu ta ɗura masa ruwan suga kafin a kira ni. 

Alhamis, 26 ga Nuwamba
Na yi ƙarya, Ubangiji ya gafarta mini. Na buɗe littafi na ɗaya na ce na biyu ya iso. Na fara zubo abin da ya zo bakina, ina juya shafi jefi-jefi. Motar ta kawo tela nan garinmu Diffa cikin buhunan tattasai da suka sha kaya, atishawa ta tona masa asiri a tasha. Baba ya ci, har da suɗe hannu.

Juma'a, 4 ga Disamba
Tela yana Shetimari yanzu, nan kusa da mu, ya yi wa masu lambu alkawarin ɗinke musu buhuna. Duk yini a biro shi nake tunani, shef, shugabanmu, ya yi mini magana ban ji ba. Baba ya ce, "Ikon Allah, Bakanon nan ya san Shetimari, har inda injin ban ruwa ke mutuwa." Na yi tari na juya shafi.

Talata, 22 ga Disamba
Na biyu na gaske ya iso a aljihun wani direba. Na ji sanyi a raina, na ce na huta da ƙarya. Na zauna na karanta masa. Tela ya yi arziki, ya tuba, sauran duk wa'azi. Baba bai motsa ba, abinci na gabansa.

"Ajiye wannan. Koma inda muka baro shi, bakin kogi."

Na ce Baba, ai wannan ne na ainihi.

"Na sani. Tun ranar farko bakinki da shafinki ba sa tafiya tare. Malami ne ni." Ya laluba ya jawo kwanon. "Tuwo na hucewa, ɗiyata."

Na shiga madafa na yi kukana, na wanke fuska na dawo na fara.

Litinin, 28 ga Disamba
Na mayar wa Malam Ɗalha littafinsa. Ya nuna mini sababbi, na ce sai wani lokaci. Baba ya ci abincinsa yau tun kafin in dawo, Uwani ta ce har ƙari ya nema. Kenan dokar ta faɗi, ba dole in ci gaba.

Da rana kowa ya fita hutu, na zauna na buga wajen shafi huɗu na labarin telan a mashin ɗin rubutu na biro. Don kada in manta ne kawai. Ban san yadda zan ƙetar da telan ba tukuna, tsoron ruwa gare shi.