Alwala Biyar a Kan Fatar da Leza Ta Taɓa

Zuwa ga Hajiya Likita, shugabar asibitin gyaran fatar da ya yi mini aikin leza, wato ƙona kuraje da na'urar haske,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da fatan ke da iyali da ma'aikatanki kuna lafiya. Wasiƙar nan a fili na sake ta, kowa zai iya karantawa, amma ban rubuta sunan asibitinki ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Ɗan kasuwa ne ni, na san abin da ɓata suna yake yi wa shago. Ke dai za ki gane kanki.

Sunana Sale, fitilun mota nake sayarwa a kasuwar kanikawa ta Apo. Iyalina suna Katsina, ni kuma ina haya a ɗaki ɗaya a unguwar Durumi. Kurajen aski ne suka kai ni wurinku, waɗanda suka cinye mini wuya da haɓa har na daina sa riga mai kwala. Na zo wata Talata da hantsi, na ce wa maƙwabtan shagona zan je duba kaya. Namiji mai shekara arba'in da shida ba ya gaya wa kanikawan Apo cewa zai je gyaran fuska.

Aikin kansa ba ni da ta cewa a kai. An kira ni oga, an ba ni ruwan sanyi, ma'aikaciyar da ta riƙe na'urar hannunta bai yi rawa ba. Ƙorafina a kan abin da ya biyo baya ne.

Na ɗaya. An sallame ni da takarda guda da Turanci, a tsaye, a bakin teburin biyan kuɗi. Na yi sakandare, na karanta ta. Ta ce a wanke wurin sau biyu a rana, a hankali. Hajiya, da ni da ke buta muke ɗauka. Alwala biyar nake yi, kowace sai na wanke fuska sau uku, kuma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa sai an cuɗa. Wanda ya rubuta takardar nan bai san da mu ba, ku kuma da kuka san da mu ba ku ƙara ko layi ɗaya ba.

Na biyu. Fom ɗinku ya tambaye ni ciwon suga da hawan jini, bai tambaye ni da me nake wanka ba. Ranar Juma'a, kwana uku da aikin, na dirje da sabulun salo da soso kamar kullum, na fesa turare a wuya, na je na tarar masallaci ya cika. A sahun waje na zauna, rana a tsakiyar kai, tun daga huɗuba har aka sallame. Kafin la'asar wuyana kamar an baɗa barkono. Ranar Lahadi fata ta tsage tana ruwa, daga baya ta yi ɓawo. Na ɓamɓare, wurin ya koma baƙi fiye da yadda na kawo muku shi.

Na uku, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, domin a sana'ata ma akwai shi. In fitilar mota ta dushe, mukan goge ta har ta yi ƙal. Amma gugar tana cire wani siririn rufi da yake kare ta, saboda haka dole a sake fesa mata kariya, in ba haka ba rana ta mayar da ita rawaya. Ko mutumin da ya gama wahalar da ni da ciniki ba na barinsa ya tafi ban gaya masa wannan ba. Ashe fatar mutum ma tana da irin wannan rufin, shi yake riƙe danshi, ya tare ƙura da zafi, kuma leza takan bar shi da rauni na ɗan lokaci. Ba a asibitinki na ji haka ba. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa tsohuwar nas, ta gan ni ina shanya da takunkumi a fuska, ta sa na cire. Ta ce, "Oga Sale, fuskarka ta sha wahala, wa ya aike ka?" Ita ta ce in ajiye soso da turare da reza, in riƙa zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi ba dirza, in tsane da ƙyalle mai laushi, in shafa mai marar ƙamshi tun fatar tana da danshi, in sa man kariya daga rana ko da shago zan leƙa, kuma in ɗaure hannuna daga ɓawon. Duk bayanin bai kai minti biyar ba.

Na huɗu. Sau huɗu na kira lambarku. An ce in turo hoto, na turo. Amsar da ta zo ita ce in ci gaba da shafa mai. Wane mai? Ba a faɗa ba. Na sake tambaya, an karanta, an yi shiru.

Yau kwanana goma sha tara a ɗaki. Na gaya wa mutanen kasuwa taifot ne, kuma likita ya hana zuwa dubiya. Na iya tsara magana, ita ce jarina, sai ga shi sun yarda, babu wanda ya zo. Uwar yarana in ta kira ta bidiyo sai in ce kyamarar wayar ta lalace. Ina jin kiran salla daga masallacin layinmu, in shimfiɗa dardumata tsakanin katifa da kwalayen fitilu in yi ni kaɗai. Na so in tambayi liman ko akwai sauƙi ga mai rauni a fuska wajen alwala, amma tambayar za ta jawo wata, kuma amsar ta biyun ce ba na son bayarwa.

Ba na cewa ba ni da laifi. Ba ke kika ba ni soso ba, ba ke kika fesa mini turare ba. Amma ni ban sani ba, ku kun sani.

Abin da nake roƙo: ki sa a duba ni ido da ido cikin makon nan, a gaya mini gaskiya ko wannan baƙin zai tafi, ko in fara sabawa da shi. Ki sa a rubuta takardar sallama da Hausa, a ambaci alwala, da sabulun salo, da turare, da mai aski da sifirit ɗinsa, da zafin ranar Juma'a. Kuma in namiji ya shigo muku yana waige-waige, ku zaunar da shi ku yi masa bayani sau biyu, domin wannan ba shi da wanda zai tambaya a waje.

Allah ya ƙara wa aikinki albarka, ya tsare hannun ma'aikatanki, ya raba ki da ciwon da za ki ji kunyar faɗa.

Na san za a karanta wannan a Apo, kuma kafin azahar an sa mini sabon suna. Ba taifot ba ne, jama'a. Mai son yin dariya ya zo Durumi ya yi ta a gabana, ƙofa a buɗe take.

Wassalam,
Sale mai fitila, Apo.