Seleri a Lambun Babanki

Zuwa ga Saloma, hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar safiya a kan ganyen masara, ke da ko sunanki na ambata sai bakina ya yi zaƙi kamar na lashi zuma!

Ki yi haƙuri da rubutun nan. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na dawo. Takarda ta uku ke nan, biyun farko na yaga. Abin da na gani yau a lambun babanki ne ya hana ni sakat.

Kin san filin golf ɗin da ya yi iyaka da gonarku, kin kuma san rami na bakwai, wanda shingenku ke damansa. Bari in tona wa kaina asiri: shekara uku ke nan ƙwallona na faɗawa gonarku, Melvin ɗan kawuna yana ta yi min dariya wai ban iya ba. Na iya sarai. Da gangan nake karkatar da sandar bugu, don in sami dalilin tsallaka shinge.

Kin tuna karon farko? Kina tsinkar wake, ƙafa ba takalmi, farar hularki ta ɗan karkace, rana ta sa kumatunki sun yi ja. Kika ɗaga ƙwallon da yatsu biyu kika ce, "Elam, ashe barin shanun babanka ka yi ka koma dukan ƙwai a gonar mutane?" Na ce ai ba ƙwai ba ne. Kika ce, "To me ya sa kake binsa a guje kamar kaza?" Wayyo Saloma! Tun muna makaranta nake ganinki, amma ranar ce na fara ganinki da gaske. Na koma fili na buga sauran ramukan ban san inda kaina yake ba.

Bara da kaka aka yi miki baftisma. A bakin wannan shingen kika ce da ni, "Ni dai na shiga coci, ba fita. In kana so na, ka san ƙofa. Amma ba zan tsaya a nan har furfura ba." Na ce da shekara ta zagayo zan shiga. Mayu ya zo, samari suka fara darasin baftisma wajen bishop, ni kuwa na ce bari in ƙara bazara ɗaya. Saboda me? Mota, da waya a aljihu, da ɗan farin ƙwallon da ko miya ba a yi da shi, abubuwan da cocinmu ya haramta wa duk wanda aka yi wa baftisma! Wane irin wawa ne ke yin wannan musaya? Ni ne, ban da wanda zan ɗora wa laifi.

To yau Asabar, da muka sauko daga aikin rufin gida, muka tafi fili ni da Melvin. A rami na bakwai na yi abin da na saba. Na tsallaka ina 'yan waige-waige ko zan hango shuɗiyar rigarki, sai idona ya faɗa kan ganyen miyan nan, seleri. Bara layi biyu kuka shuka, na sani, don a tsakaninsu na sha tsintar ƙwallo. Bana na ƙirga goma sha huɗu, kore shar, an yi musu huɗa tsaf. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san gidan da ya cika lambu da seleri bikin aure zai yi a Nuwamba, don da shi ake dafa abincin biki.

Babanki na tsaye a can ƙarshen layi, ya jingina da fartanya, ƙwallona a hannunsa. Ya miƙo min ya ce, "Elam ɗan Gideon, ƙwallon nan naka ya fi ka sanin hanyar gida."

Na ce, "Benuel, bana seleri ya yi yawa."

Ya ce, "Ƙasar ce ta yi kyau."

Na ce, "Wa zai cinye duk wannan?"

Ya dube ni daga ƙarƙashin malafa ya ce, "Waɗanda aka gayyata." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Ban ga laifinsa ba. Al'adarmu ce, ba mai buɗe baki sai ranar da aka yi shela a coci a watan Oktoba, ko ɗan'uwa sai dai ya yi hasashe. Amma ina zan kai zuciyata daga nan zuwa Oktoba? 'Ya'ya mata biyu ne a gidanku da suka isa aure, ke da ƙanwarki Lavina. Na Lavina ne? Allah ya sa na Lavina ne! Ina komawa da wannan ɗan guntun fata, sai Melvin ya tare ni yana washe baki. "Ka gano, ko? Ai keken dokin Ammon mai ɗinkin linzami ya kusa haƙa rami a ƙofar gidan nan. Kai ka ci gaba da ƙirga bugu, wani na can yana ƙirga baƙi." Na ce wajen wa yake zuwa? Ya ce, "Ka tambayi dokin." Da ba ɗan kawuna ba ne, da sandar nan ta karye a gadon bayansa.

A rami na takwas sau uku ina jefa ƙwallo a kududdufi, kuma wannan karon ba da gangan ba. A na tara na ajiye wa Melvin jakar sanduna, na ce in ya ga dama ya haɗa da ita. Na kama hanya da ƙafa, mil uku, zuwa gonar Bishop Ephraim. Ban ɗauki mota ba, kunyar shiga gidansa da ita nake ji.

Na same shi yana kwance wa alfadarai kaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Darasi tara ne, an yi bakwai. Ba a shiga daga tsakiya. Sai Mayu mai zuwa." Ya ƙara da cewa, "Don Allah ka zo, ko don 'yar Benuel?" Na ce ita ta nuna min ƙofa, amma da ƙafata na zo. Ya ce, "Ka dai sani, wanda ya durƙusa ya yi alkawarin baftisma sannan ya juya baya, ko uwarsa ba za ta ci abinci tebur ɗaya da shi ba." Na ce na sani. Na ba shi hannu na yi alkawarin shiga, Saloma, tun ban san amsarki ba. Litinin zan rabu da motar, ni kuma zan koma tatsar shanun babana.

Kin ga inda wautata ta kai mu. Ko da gudu na zo, ba zan isa neman aurenki ba sai baɗi da kaka. Shekara guda cur nake roƙo, ni da na ɓarnatar da uku. Da wace fuska? Ba ni da ita, amma ina roƙo. Ya inuwar da nake gudowa in rana ta yi zafi, ya ruwan rijiyar gidanmu, ki rubuto min layi ɗaya tak. Ba sai kin karya al'ada kin ambaci sunan kowa ba. Ki ce min "jira," ko ki ce "ka makara."

In kika ce jira, zan jira kamar yadda gona ke jiran ruwa, ba ƙorafi. In kuwa na makara, ba zan janye hannun da na ba bishop ba. Zan shiga. Duk Lahadin coci zan zauna a ɓangaren maza, ki zauna a na mata, ɗaki ɗaya, in rera waƙa ba tare da na ɗaga kai ba. Zan ga mijinki ya ajiye aska ya fara tsayar da gemu, kamar kowane magidanci a cikinmu. Ni kuwa zan ci gaba da aske haɓata kowace safiya har hannuna ya kasa riƙe aska, kowa ya gani ya san dalili.

Naki, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, har ranar da za a ɗauke ni a keken doki na ƙarshe zuwa makabarta,

Elam Riehl