Rabin Maganar Auta Na Ji

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙata. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, amma abin nan ya tokare mini ƙirji.

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya a ɗakin mata. A lokacin, daga bakin ƙofa nake gane wadda ciwo ke ci, ko da ta ce da sauƙi. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ba na bukatar ma'aunin zafi, ido ya ishe ni. 'Ya'yana ma, daga yadda yaro ya ajiye jakar makaranta na san ya faɗi jarrabawa.

Autata, mai shekara talatin da takwas, tana zuwa wurina duk Asabar. Wata biyar da suka wuce muna zaune a falo ina ɗinke bakin labule, ta ce ta ji ƙullutu a nononta, likita ya ce yawancin irinsu ba komai ba ne, amma za a ɗebi ɗan nama a gwada. Wallahi "ba komai ba ne" kawai na riƙe. Na yi hamdala, na shiga ba ta labarin jikata da ta fara tafiya. Da ta sake zuwa ta ce sakamako ya fito, akwai maganar da take so mu yi. Na dube ta, na ga sabon ɗankwali kore a kanta, na ce ya karɓe ta, na tashi ɗora mata shayi. Kafin in dawo ta ce a bar maganar. Zuwa na uku da takardar ta zo, cikin farin ambulan, ta ajiye a hannun kujera. Ban tambaya ba. Ni da na karanta irin takardun nan ba iyaka.

Sai ranar da aka yi mata aiki yayanta ya kira ni daga asibiti. Ciwon daji ne, an cire nonon. Da na isa, ƙanwar mijinta ce zaune a bakin gado tana jiƙa mata leɓe da auduga.

Yanzu duk sati uku ake ƙara mata ruwan magani. Ba ta yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni, tana tambayar gwiwata, in na ce ya jiki ta ce da sauƙi, shi ke nan. Sau ɗaya na tambaye ta dalilin ɓoye mini, ta ce sau uku ta gaya mini, ta ga ba na son ji, sai ta tausaya mini. 'Yar da ke kwance, ita ke tausayina.

Da na zauna na yi tunani, na ga ba a kanta na fara ba. In labarai suka zo kan mutuwa, sai in sauya tasha. In ƙawa ta kira ni da kuka, bakina ya riga ni cewa komai zai wuce. Ko mahaifinsu da muka sha rigima shekara arba'in, dariyarsa kawai nake tunawa. Ba mantuwa nake yi ba, ko maganina ban taɓa tsallakewa ba. Zuciyata ce ta bushe, ko son kai ne tsufa ya kawo mini? Kuma ta yaya zan dawo da 'yata?

Uwar Auta

Mama, sannu da wannan nauyi. Zuciyar da ta bushe ba ta zama ta rubuta irin wasiƙarki.

Abin da kika lura da shi a kanki sananne ne. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun ga cewa idan shekaru suka ja, hankalin mutane da yawa yakan karkata ga labari mai daɗi ya zame daga mai ɗaci, sau da yawa ba da saninsu ba. Shi ya sa dattawa da dama suka fi matasa kwanciyar rai. Ke kuma sai tsoro ya ƙaru a kai: matan da kika yi jinya ba ke kika haife su ba, kuma kin fi kowa a gidan sanin abin da takardar za ta iya ƙunsa.

Amma kada ki kai wa Auta wannan bayanin a matsayin hujja. Ita abin da ta sani, ta zo wurin mahaifiyarta sau uku da tsoro, ta koma da abinta. Tana da gaskiya in ta ji zafi. Ki same ta ita kaɗai, ki faɗa mata kin ji, kin kauce, kin yi kuskure. Ki riƙe kukanki, kada ta koma lallashinki, kuma kada ki nemi yafiya a take.

Daga nan ki rage tambayar ya jiki. Ki tambaye ta abin da ke da amsa: me likita ya ce kan jininta, wace rana ta fi wuya bayan ƙarin ruwa, me cikinta ke karɓa. In ta faɗi magana mai nauyi, ki maimaita mata ita da bakinki kafin ki ce komai na kwantar da hankali, don kunnenki ya daina tsallakewa. Ki roƙe ta ki raka ta ranar magani da littafi da biro, ki rubuta duk abin da likita ya faɗa. In ta ƙi, ki karɓa, ki sake roƙo bayan sati uku.

Ganin alherin nan naki kuwa kada ki jefar da shi. Akwai ranakun da za ta gaji da fuskokin masu jimami, ta so wanda zai ba ta dariya. Ki dai bari ita ta zaɓi ranar.

Allah ya ba Auta lafiya mai ɗorewa, ya ba ki ƙarfin zama ki ji maganarta har ƙarshe.