Shafi Ɗaya Kawai Na Fi Ki

Zuwa ga Hajiya Mutmainna, sanyin idona, inuwar mangwaro a tsakiyar bazarar Lafia, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasar Doma, farin riɗin da ba a taɓa tsintar tsakuwa a cikinsa ba! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya cire takalmi tun daga bakin titi.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika aiko mini cewa darasi ya ƙare. Kwana goma sha ɗaya! Na kuma ji cewa ranar Litinin 'yarki Zuwairatu za ta yanka miki tikitin jirgi zuwa wajenta a Sifen, tana jiran ki faɗa mata ko na zuwa da dawowa ne, ko na zuwa kaɗai. Saboda wannan tikitin na ɗauki biro, ni da na shekara ashirin da shida ina gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, yau ga nawa a gabanki.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaci. Perpetua mai shagon littattafai ba ta yi mini ƙazafi ba. An ce ta gaya miki, "Ai Oga Tisha shi ma bai san komai ba, ya ce in nemo masa buk na masu farawa daga ziro." Allah ya yi wa kasuwarta albarka, haka na ce mata. Ranar da kika tare ni a ƙofar shagonki, kalmar Sifaniyanci ko ɗaya babu a kaina.

Kin tuna ranar? Kika ce, "Malam, an ce duk yaren Turawa a aljihunka yake. Jikokina ba sa jin Hausa, ni kuwa ba na so in je gidan 'yata in zama kurma." Me ya kamata mutumin kirki ya ce? Ya ce, Hajiya, guntun Faransanci ne da ni, shi ma ya yi tsatsa. Amma shekara uku ina wucewa ta gaban shagon nan ina sayen riɗin da ba ni da mai soya mini. Mai shekara hamsin da biyu, da furfura da tabarau, ina zai iya tsayuwa ƙofar gida zance kamar ɗan sakandare? 'Yan acaɓan Shabu ma sai sun yi ta yi mini hon. Malami riƙe da littafi kuwa, wa zai ɗaga masa ido? Sai na ji bakina ya ce, "Na iya." Wallahi bai yi shawara da ni ba.

Tun daga nan, kowace safiya in an idar da sallah sai in buɗe littafin in haddace shafi guda, in saurari yadda ake furta shi a waya, bayan la'asar in zo in zauna miki da fuskar shehi. Shafi ɗaya kawai na fi ki. Ranar da kika leƙa gaba kika jefo mini tambaya, na ce malami nagari ba ya tsallake, na miƙe wai zan sabunta alwala. Alwalata lafiyarta lau, ilmina ne ya karye.

Ga laifi na biyu, wanda Perpetua ba ta sani ba. Littafin ya ce babin wakilan suna da aikatau na yanzu aikin mako guda ne. Ni na ja shi wata huɗu. Kin riƙe su tun a makon farko, ke da kike tuna nauyin buhu arba'in ba takarda, amma na dinga cewa da saura, a maimaita. To, in na ce kin iya, da wane dalili zan dawo gobe?

Kaico, waɗannan yammatan rana! Kina lanƙwasa yatsu kamar mai tasbihi: *yo*, ni, *tú*, kai ko ke, *él*, shi, *ella*, ita. Da muka zo kan *nosotros*, wato mu, kika ce wannan ai sunan maganin hawan jini ne, kika tambaye ni ko sau nawa ake sha a rana. Ranar da ruwa ya tsare mu yana dukan kwanon shago, kina ta *hablo, hablas, habla, hablamos*, yarinyar nan Member da ta kawo miki kaya daga Doma ta tsaya da lema a hannu ta ce, "Mama, sabon addu'a ne? Ki sa ni a ciki!" Kika yi dariya har gyalenki ya zame. Na karanta mawaƙan Larabawa da na Turawa masu kuka a kan kufai, ina yi musu kallon marasa aikin yi. Ran nan na nemi gafararsu. Sannan kika haɗa jimlarki ta farko ba taimako: *vivimos en Lafia*, muna zaune a Lafia. Ke darasi kike yi. Ni kuwa na koma gida Azuba a ƙafa, na manta babur ɗina a ƙofar shagonki.

Na san abin da ya ɓata miki rai. Ke mace ce da ba ta taɓa zuba yashi a buhu ba, ga shi an sayar miki da malami na algus. Abu ɗaya dai: ban koya miki kuskure ko guda ba. Ki karanta wa Zuwairatu ta waya, in ta sami gyara ki hana ni gaisuwa har abada. Malamin ne jabu, karatun na gaske ne, haka ma abin da ya kawo malamin.

Ya ke farin watana, ba cewa nake kada ki tafi ba. Wane azzalumi ne zai tare uwa daga haihuwar 'yarta? Ki je ki dafa mata ruwan jego, ki dama kunun kanwa ko da a tukunyar Turawa ne, ki goya jariri, ki yi wa manyan jikokin faɗa da yarensu. Amma ki dawo. Na san an gyara miki ɗaki a can, an ce wutar lantarkinsu ba ta ƙiftawa. Ni me zan ajiye a ɗaya gefen sikeli? Gida mai ɗaki uku, biyu littattafai sun cinye, da mutum guda wanda tun rasuwar matarsa shekara shida yake cin abinci a tsaye. Ba kaya ne mai nauyi ba, na sani. Amma ke ce kika ce mini ba a raina ƙwayar riɗi, don ita ke cika buhu.

Na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in taɓa littafin nan. Na gaya wa yayana Jafaru komai. Ya yi mini dariya har da tari, sannan ya sa an goge masa babbar riga. A shirye yake ya je gaban waliyyinki Kawu Sha'aibu da goro, da rana tsaka, kowa na gani. Kalmarki kawai yake jira, ni ma ita nake jira. Ki ce wa Zuwairatu na zuwa da dawowa. In wata shida ne zan ƙirga, in shekara ce zan ƙirga. Ranar da kika sauka, harshenki zai fi nawa nesa ba kusa ba, sai in zauna a ƙasa in lanƙwasa yatsuna, ki ja mini babin yadda kika ga dama, ko da shekara ashirin ne.

In kuwa na zuwa kaɗai kika zaɓa, ina roƙon alfarma ɗaya: kada in ji a bakin 'yan kasuwa. Ki kira ni ki faɗa mini da Hausa, ita ce dai na iya ba ƙarya.

Naki, wanda zai tsaya inda kika bar shi har a kira shi ko a binne shi,

Zakiyyu