Safar Hannun da Kuka Sa a Ƙofar Maigari

Zuwa ga Shugaban ayarin lokotoro masu binciken maganin farfaɗiya da suka sauka ƙauyenmu na ƙasar Dumega bara, bayan girbin hatsi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Namaiwa, mai gyaran babur, mijin Hajo mai ƙosai. Na aika muku saƙo ta hannun majon likitarmu, wato shugaban asibitin ƙauyenmu, shiru kamar an shuka dusa, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Ban da ja da iliminku. Ka yi mana bayani cewa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai da kuke kira anzim, masu miƙa saƙo. In ɗayansu ya yi zumuɗi, saƙo ya yi yawa, sai mutum ya faɗi, kuma kuna neman maganin da zai ja masa linzami. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina. Karo na farko ke nan da wani ya faɗi ciwon matata bai ambaci doguwa ba.

Na biyu, ga abin da ba ku tambaya ba. A nan mutane sun yarda cewa yawun mai farfaɗiya na sa wa wanda ya taɓa shi ciwon. Tun da na auri Hajo nake yaƙi da wannan magana. Kwano guda muke ci, da gangan nake shan ragowar furarta a zaure don a gani. Sannu a hankali mata suka saki jiki, har in ta faɗi maƙwabciyarmu Inna Kulu kan riƙe mata kai. Ƙosanta ko rana ba ta ɗagawa ya ƙare.

Sai kuka zo. Kuka sa mai shela ya kira masu ciwon da sunansu zuwa ƙofar maigari, ranar kasuwa. Kuka sa safar hannu ta roba, kuka rufe hanci da baki, kuka ɗebi jininsu gaban jama'a. Da kuka gama da Hajo, ma'aikacinku ya tuɓe safar ya jefa cikin wuta. Na san ƙa'idar aikinku ce, ko jinin wa za ku ɗiba haka kuke yi. To wa kuka gaya wa? Abin da gari ya gani shi ne lokotoro da kansa yana ƙyamar taɓa ta. Gani ya kori ji. Washegari ko yara ba su zo sayen ƙosai ba.

Na uku. Farkon damina ƙwayar farfaɗiyar da take sha ta yanke a likita, maganinku kuwa kun ce yana gaba, sai an gama gwaji. Wata safiya ina gona, tana suya a tsakar gida, ciwon ya kayar da ita kan kasko. Mata sun taru suna salati. Inna Kulu na tsaye tana kuka, ta miƙa hannu ta janye. Babu wadda ta ja ta, sai da ƙanena ya jiwo ihu ya haura katanga. An kai ta asibitin Dogon Dutsi, an ceci ranta, amma yatsun hannunta na dama sun tafi. Ina fushi, ranka ya daɗe, kuma ba da Inna Kulu nake fushin ba.

Ba diyya nake nema ba. Ku sa baki kada tsohuwar ƙwaya ta sake yankewa kafin sabuwar ta iso. In za ku wani gari, ku ɗebi jinin mutane cikin ɗaki, ku kuma gaya wa jama'a dalilin safar. Babbar buƙatata kuwa, ka dawo da kanka ƙofar maigari, ranar kasuwa, hannunka tsirara, ka zauna ka ci ƙosan Hajo kowa yana kallo. Akwai sauran masu ciwon a garin nan, kuma kullum suna kusa da murhu da rijiya.

Allah ya ba ku nasarar gano maganin, ya tsare zuri'arka daga wannan ciwo. In ka zo, kada ka ga rashin ladabi don ta miƙo maka da hagu. Shi ya rage mata.

Wassalam.
Namaiwa, mijin Hajo.