Hotona a Ƙunshin Ƙosai

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu shagunan fotokopi na Damagaram.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da haƙurin wannan shekara. Sunana Laminu, manomi ne ni a Droum. Ban san ka ba, amma yaranka sun san ni, tunda sun sayar da fuskata.

Na farko, ka san gidan da na fito. Mahaifina marigayi Sarkin Noma ne, ya noma dami dubu da hannunsa. Mahaifiyata Inna Hajara tana raye, ta tsufa tukuf, kuma abin da take taƙama da shi a duniya ɗaya ne: ko a yunwar da ta gani tana amarya, hatsin taimako bai shiga cikinta ba. To, damina biyu ke nan ruwa yana ɗaukewa gero na bununi. Rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye. Da aka zo rubuta mabuƙata, na rufe ido na sa sunana. In na karɓo hatsin sai in juye shi cikin rumbu, matata ta ɗebo a gaban Inna, ita kuwa ta sa wa gumin ɗanta albarka. Ƙarya ce, na sani. Da ita nake ciyar da uwata.

Na biyu, masu rabon sun ce a kawo kopin takardar da aka cika, mai hoto da hatimi. Na zo birni, na shiga wani shago kusa da tasha. Injin ya fitar da uku da suka dushe kafin mai kyau ta fito. Na ce a ba ni ɓatattun, mai shagon ya ce in bar su, shara ce. Ashe sharar tasu tarawa suke su sayar wa masu ƙosai da masu tsire!

Ran kasuwar Droum wata maƙwabciya ta aiko wa Inna ƙosai. Ta buɗe ƙunshi, sai ga ɗanta yana kallonta, mai ya jiƙe masa rabin fuska. Ba ta karatun boko, sai ta aika aka kira mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya karanta mata. Bawan Allah bai san dawan garin ba, ya karanta har inda aka rubuta cewa gidan Sarkin Noma ba shi da abincin kwana uku.

Yau kwana tara ba ta sa tuwon gidana a baki ba. Tafasa take tsinkowa da kanta ta dafa. Na durƙusa, liman ya zo, ƙannenta sun zo, ko kallon kwanon ba ta yi.

Na uku, mushen ya ce akwai doka a ƙasar nan da ta hana wasa da bayanan mutane, kuma ba ta ware ƙaramin shago ba. Na koma na faɗa wa mai shagon. Dariya ya yi, wai wannan zancen manyan buro ne, ofisoshin Yamai. Haba! Talaka ina ya ga babban buro? A ƙananan shagunanku muke ajiye katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, da takardar likita, da talaucinmu.

Roƙona kaɗan ne, kuma ban sa rai ba. Ku tara mutanenku ku karanta musu dokar nan. Takardar da ta ɓaci a miƙa wa mai ita, ko a ƙone ta a gabansa. Ashana ɗaya ce.

Ni kam babu abin da za ku gyara mini. Jiya Inna ta kira ni, na taho da gudu na zaci tuwo za ta ce a kawo. Cewa ta yi in sauke hauyar mahaifina daga jikin rumbu in kawo mata ɗaki, don kada hauyar ta ƙara kwana tana gadin hatsin wasu. Na sauke. Da ƙyar ta iya riƙe ta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya rufa maka asirin da ba a rufa mini ba.

Wassalam.
Laminu ɗan Sarkin Noma, Droum.